Minti Takwas da Garin Sago na Bubu

A ƙauyenmu na bakin kogin Sepik akwai wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa. Aibinta ɗaya ne, ba ta bari a gama magana. Kana buɗe baki za ta ce, "Na gane!"

Ranar Juma'a malamin kimiyya, Mista Wangi, ya ara mata wayar makaranta.

Ya ce, "Ga darasin bidiyo na minti ashirin. Ki kalla har ƙarshe. Ranar Litinin za ki yi wa aji bayani."

Ta zauna gindin mangwaron makaranta, inda sabis ke kamawa. Malamar cikin bidiyon ta ce polisakarayid doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin sukari. Ta ce sitaci, wato farin garin da ake samu a abinci kamar rogo, irinta ne. Selulos ma, wato zare-zaren jikin itace, irinta ne. Dukansu da sukari iri ɗaya aka ƙulla su.

"Na gane!" in ji yarinyar. Ta kashe wayar a minti na takwas.

A gida ta tarar da kakarta, Bubu, tana wanke dakakken ɓargon sago, wani itace mai kama da kwakwa. Farin gari na kwantawa a ƙasan kwano, ana watsa wa aladu dusar. Garin na walimar coci ne ta ranar Lahadi, kuma kaf ƙauyen babu mai farin gari kamar Bubu.

"Bubu, abinci kike zubarwa! Dusar nan ma sukari ce."

Bubu ta yi dariya. "Sannu Farfesa. In kina sha'awa, je ki roƙi aladun su raba da ke."

Abin ya ba yarinyar haushi. Da Bubu ta tafi duba tarun kifi, sai yarinyar ta kwashe dusar, ta daka, ta cakuɗa da garin. Kwano ɗaya ya zama biyu. Har tafi ta yi wa kanta.

Da safe Bubu ta buɗe, ta ga gari ya yi ja. Ta gasa kaɗan ta miƙa wa Kambu, ƙanen yarinyar. Ya gutsura, ya tofar.

"Wai! Bubu, tabarma kika gasa mini?"

Bubu ba ta yi dariya ba. Ta zauna ta zuba tagumi. "Mutum arba'in ke jirana gobe. Me zan ba su?"

Yarinyar ta matso kusa da ita. Ta ce, "Ni ce, Bubu. Ki yafe ni." Sai ta ɗauki wayar, ta ruga gidan Mista Wangi da ke harabar makaranta da hawaye.

Ya saurare ta, sannan ya ce, "Minti nawa kika kalla?"

"Takwas, Malam."

"To zauna. Saura sha biyu."

Ashe amsar na nan a minti na tara! Sukarin ɗaya ne, amma ƙullin ya bambanta. Miyau da cikinmu suna da sinadari mai tsinka ƙullin sitaci kamar almakashi. Ƙullin selulos kuwa ya fi ƙarfinsa. Can gaba malamar ta ce sitaci ba ya narkewa a ruwan sanyi, kwantawa yake yi a ƙasa.

Wannan karon sai da bidiyon ya ƙare ta miƙe, ta ruga gida.

"Bubu! Garin bai ɓace ba. A sake wankewa a tace, zai kwanta."

"Wa ya gaya miki?"

"Bidiyo."

"Ni kuwa uwata ce ta gaya mini. Ɗauko bokiti."

Sau uku suka wanke. Yarinyar ta yi ta jido ruwa daga kogi har kafaɗunta suka yi tsami. Kafin rana ta faɗi, ga gari fari tas a kwano. Ranar Lahadi aka cinye, har ana neman ƙari.

Ranar Litinin ta tsaya gaban aji, gari a hannun dama, dusa a hagu. Ta yi bayani ba gargada. Wani yaro ya katse ta, "Na gane!"

Ta ce, "Tsaya tukuna, ban gama ba. Ni ma haka na ce, na kusa barin mutum arba'in da yunwa."

Aji ya fashe da dariya, Mista Wangi ya gyaɗa kai.

Yara, idan ana koya muku abu, ku saurara har ƙarshe kafin ku yi aiki da shi.