Jan Ƙyallen Mararraba

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai son kwalliya kamar me. Ko fure ta gani a hanya sai ta maƙala a ɗankwali. Shi ya sa 'yan ajinsu suke ce mata Gimbiya.

Ran nan makarantarsu ta kai su yawon buɗe ido wani kurmi. A tsakiyarsa akwai kwazazzabo mai zurfi, kogi yana gudu a can ƙasa. Mai kula da kurmin, wani dattijo mai usur a wuya, ya tara su.

Ya ce, "Ku bi hanyar da kuka ga jan ƙyalle a jikin bishiya. Kuma ban da taɓe-taɓe."

Gimbiya tana can tana gyaran ɗankwali, maganar ta bi ta bayan kunnenta.

'Yan aji biyar suka yi gaba tare da Malama da dattijon. 'Yan aji biyu za su biyo baya da malaminsu in sun gama cin abinci. Cikinsu har da ƙanin Gimbiya, Auta.

A wata mararraba, Gimbiya ta ga ƙyalle ja jawur yana kaɗawa a reshe. Ita ce ta ƙarshe a layi. Ta kwance shi, ta ɗaura a hannu, ta ja rigar sanyi ta rufe.

Suka isa gadar katako. Ruwa yana dukan duwatsu, kumfa fari fat. Kowa yana ta murna.

Wani yaro ya ce, "Baba, ɗaya hanyar can ina ta nufa?"

Dattijo ya ce, "Bakin kwazazzabo. Ruwa ya cinye gaɓar ta ƙasa. Ko akuya ta taka sai ta rufta. Ga ta da faɗi, baƙo ita zai bi. Shi ya sa na ɗaura ƙyalle a mararrabar."

Gimbiya ta tuna da ƙaninta. Auta ba ya tafiya a layi, kullum shi ne a gaba da gudu. In ta faɗa, za ta sha faɗa a gaban kowa. In ta yi shiru fa? Tsoro ya kama ta.

"Malama," ta ce. Ta janye hannun riga. "Ni na cire."

Dattijo bai tsaya faɗa ba. Ya juya da gudu, Malama da Gimbiya suka bi shi. A mararraba suka ga sawun ƙananan takalma sun bi hanya mai faɗi.

"Auta!" Gimbiya ta ƙwalla kira tana kuka.

Dattijo ya busa usur iya ƙarfinsa. "Ku tsaya! Kada wanda ya motsa!"

Suka same su cirko-cirko. Auta ne a gaba, saura kaɗan ya kai gaɓa. Malaminsu ya janyo shi baya. Dattijo ya ɗauki dutse ya jefa wurin. Nan take ƙasar ta zabtare, ta gangara cikin kogi.

Gimbiya ta mayar da ƙyallen da hannunta, ta ba kowa haƙuri. Malama ta ce Gimbiya ce za ta share aji har ƙarshen mako.

Sannan ta dafa ta. "Kin yi kuskure babba, amma kin kyauta da kika faɗa da wuri. Abin da kika tarar an ajiye, kada ki ɗauka. Wanda ya sa shi yana da dalili."

"Na ji, Malama. Ba zan ƙara ba."

A hanyar komawa mota, Auta ya yi ta mutsu-mutsu. "Yaya, kin matse mini hannu!"

"Yi haƙuri," in ji ta. Amma ba ta sake shi ba.