Giɓi Tsakanin Goma da Ashirin

Dab da magariba Inna ta ƙulla koliko, soyayyar doya, a leda, ta ce in kai wa Samir shago. Na tafi ina tsaki. Ƙanena ne, amma wallahi ban taɓa ganin ɗan wahala irinsa ba. Ga wayoyin mutanen Zongo jibge suna jiran gyara, shi kuwa ya kwaso wata mushen kwamfuta daga gwanjon Adakpamé, wai yana ƙera mata tafinta, manhajar da za ta juya BASIC, wani yaren kwamfuta na zamanin kakanni, zuwa abin da inji ke ganewa. Wa ya aike shi? Aikin banza, makaho da waiwaye.

Tun kwanaki na ga yadda yake sa wa layukan umarninsa lamba: goma, ashirin, talatin. Na ce ina sauran?

"Haka ake yi, Yaya. Ana barin fili ne, ko wani abu zai shigo daga baya."

"Liman kullum yana cewa a toshe giɓin sahu kada shaiɗan ya shiga, kai kana buɗe masa?"

Ya yi min dariyar nan tasu ta 'yan lakwal, 'yan boko.

Na iske an ɗauke wuta a layin gaba ɗaya. Shagon na warin dalma da ƙonanniyar roba. Fanka a tsaye. Amma allon kwamfutar na ci, kore shar.

Samir na zaune, hannuwansa a cinya. Maɓallan na danna kansu. Ƙas. Ƙas.

"Yaya," ya ce da raɗa, "ban rubuta sha ɗaya ba."

Na leƙa. An cike giɓin. Sha ɗaya, ƙafar Samir. Sha biyu, hannun Samir. Haka har ƙasa. Tafintan banzan nan da bai taɓa aiki daidai ba, yau ya samu ubangida: duk layin da ya karanta, gaɓar ta mutu.

Sha takwas, harshen Samir.

Bakinsa ya buɗe. Babu sauti.

Saura sha tara.

Ƙas. *Numfa...*

Na yar da koliko, na cafki wuyan rigarsa. Wani abu mai sanyi ya riƙe shi ta hagu, yana ja. Na ji hucinsa a kunnena, warin rijiyar da aka daɗe da rufewa. Ladan ya ɗaga murya da kiran salla. Na yi bisimilla da ƙarfi, na fizga, muka zube a kwata.

Ya warke, sakaran. Kwamfutar tana ƙasan tafki, da hannuna na jefa ta.

Sai dai Issifou mahauci, da suke salla a masallaci ɗaya da Samir, ya tare ni rannan, ya ƙi kallon idona. Ya ce kullum akwai giɓi a hagun Samir. Liman ya gaji da faɗa. Duk wanda ya matsa don ya toshe, sai ya ji kafaɗar wani a wurin.