Ruwan Da Ba Ya Kumfa

Sufeto yana kankare butar shayinsa da cokali lokacin da Saje ya leƙo. Aikinsa ke nan kowace safiya kafin ya buɗe fayil. Farin ɓawon da ruwan famfo ke bari a gindin buta yake ɓamɓarowa, ya jera a tebur yana kallo. Wani ya yi masa kama da kunnen akuya, wani da taswirar ƙasar da babu ita.

"Yallaɓai, gawa ce. Layin kan tudu. Tsohon nan mai kwalabe."

Duk caji ofis an san shi. Tsohon tela ne, shekara uku yana kawo ƙarar ruwan famfo, wai yana cin fatar jikokinsa. Akan ba shi kujera, a yi murmushi, a sallame shi. Sufeto ma ya sha yin haka, alhali ruwan nan yake sha.

Sun same shi a ƙasan matakalar bene, wuya a karye. A ɗakinsa na sama, 'yarsa na zaune da yara biyu, ƙafafunsu duk kirci.

"Baiwar Allah, me ya ɓata a ɗakin?"

Ta nuna katakon da ke jikin taga. Babu komai a kai sai fararen zobba goma sha biyu, shatin gindin kwalabe.

"Kowane wata Baba yakan cika ɗaya, ya rubuta rana. Yau ya ce zai kai su wani ɗakin gwaji da ba na hukuma ba. Na kai yara asibiti, na dawo na tarar da shi haka."

Sufeto ya shiga banɗaki. A wurin wanke hannu akwai sabulu, an cinye rabinsa, ga wata dauɗa mai yauƙi ta kwanta a gefe.

"Wa ke wanke hannu a nan?"

"A nan? Ranka ya daɗe, ai ko yaron layin nan ba zai ɓata sabulu a bakin famfo ba. Ba ya kumfa. Sai an tafasa ruwan, an bar shi ya kwanta a bokiti."

"Baƙo ne ke nan," in ji Saje.

Sufeto ya tara kwalba ɗaya a famfon, ya sa sabulun a aljihu.

A hukumar ruwa, shugabar ɗakin gwaji ta karɓe su a tsaye.

"Ruwan layin kan tudu lafiyarsa ƙalau. Ga takardu. Ni da kaina nakan je in duba."

"Yaushe rabonki da can, Madam?"

Ta gyara tabarau. "An ɗan jima."

"Bene nawa ne a layin?"

Ta hau juya takardun.

"Ba ni samfur ɗin wannan makon."

Ta kawo kwalba mai ɗauke da sunan layin. Sufeto ya aske sabulu da farce, ya zuba a cikinta, ya zuba a tasa, ya girgiza su tare. Ta hukuma ta cika da kumfa har wuya. Tasa kuwa ta yi toka-toka, ta kwanta kamar ba a taɓa ta ba.

"Famfo ɗaya, hali biyu," in ji Saje. "Ko sabulun ma tsoron hukuma yake ji?"

Madam ta zauna. "Abin da aka kawo mini nake gwadawa. Ku tambayi mai ɗibar samfur."

Aka kira shi. Dattijo ne mai furfura, yana jan ƙafa, hannayensa cikin aljihu.

"Malam, kana zuwa layin kan tudu?"

"Duk Litinin, Yallaɓai. Ban taɓa fashi ba."

"A wane famfo kake ɗiba?"

"Na bakin makaranta."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Famfon nan ya sani. Shekara biyu ke nan farin ɓawo ya toshe masa maƙogwaro, har wani tsuntsu ya yi sheƙa a ƙarƙashinsa. Yakan tsaya ya duba ƙwan idan zai wuce.

"Ka san tsohon tela?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Fito da hannunka."

Bai motsa ba, sai da Saje ya taɓa kafaɗarsa. Hannayen sun yi ja, sun yi fari a tsakanin yatsu, kamar na wanda ya dirje su ya sake dirjewa.

"Ka yi ta goga sabulu kana jiran kumfa," in ji Sufeto a hankali. "Wanda ya san ruwan nan ba ya jira."

Dattijon ya sulale ƙasa.

"Babur ɗin ofis ya lalace shekara uku da suka wuce. Na rubuta, na sake rubutawa. Gwiwata ba ta hawa tudu, Yallaɓai. Sai na riƙa cikawa a famfon gidana, ina liƙa sunan layinsu. Na ce ai ruwa ruwa ne."

"Yau da safe fa?"

"Jiya telan ya zo nan yana faɗa wa kowa zai kai kwalabensa waje. Wata huɗu ya rage in yi ritaya. Na hau tudun nan da rarrafe don in roƙe shi. A kan matakala na riƙe jakar kwalaben, ya ja, na saki. Wallahi sakin kawai na yi." Ya kalli tafinsa. "Na ɗaga kansa, jini ya ɓata ni. Na juye kwalaben, na zubar da su a hanya."

Saje ya sa masa ankwa.

Sufeto ya juya wajen Madam. "Yanzu da kika sani, sai a gyara?"

"Injin tace ruwan ɓangaren nan ya riga babur mutuwa. Zan rubuta."

"Ki rubuta," in ji shi.

A ƙofar caji ofis 'yar tela na jira, yaro ɗaya a baya, ɗaya yana susar ƙafa.

"An kama shi, baiwar Allah."

"Na gani. Ruwan fa, Yallaɓai? Gobe me zan ba su?"

Sufeto ya laluba aljihu kamar amsar na ciki. Guntun sabulu kawai ya taɓo. Ta jira, ta jira, sannan ta ja hannun yaron suka kama hanyar tudu.

Da aka sa shi bayan kanta a caji ofis, dattijon ya roƙi ruwan sha. Saje ya tara masa a famfon ofis. Ya kurɓa, ya yamutse fuska, ya leƙa cikin kofin.

"Wannan ake sha a nan?"

"Shanye, Malam," in ji Sufeto. "A takardarka lafiyarsa ƙalau."