Baba, Ruwa Ya Zo

Takalmin roba na Yaya yana nan a bayan ƙofa, da busasshiyar laka a jikinsa. Inna takan share ko'ina a ɗakin, amma in ta zo wurin sai tsintsiya ta kewaye. Tun ranar da aka kawo labarin bene ya rufta da shi a wajen aikin gini a birni, babu wanda ya taɓa takalmin.

Ƙaninsa Auta yana zaune a bakin gado yana goge baƙin mai daga hannunsa. Gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa, sai dai aikin ya ja baya, don masu injinan duk sun watse neman abinci.

"Yau a mitin kamfanin tumatir za ka tashi ka yi magana," in ji Inna.

"Inna, Baban Tela fa yana wurin."

"To sai me? Da kamfanin nan ya zo tuntuni, da yanzu yayanka yana nan yana cika min kunne da surutu. Tumatirinsa ne ya ruɓe a bakin titi babu mai saye, shi ya kore shi. Ka tashi ka faɗa musu."

Tela ita ce yarinyar da Auta yake nema. Ɗinki take yi a wani ɗan shago kusa da nasa, kowa kuma Tela yake ce mata, ban da mahaifinta da yake kiranta Uwata. Dattijo ne mai noman albasa, lambunsa shi ne na ƙarshe a fadama, daf da na Yaya. Magana ta riga ta je gaban manya, rana kawai ake jira a sa.

A ajin firamare aka yi mitin, manyan mutane sun cusa gwiwoyinsu a ƙarƙashin teburan yara. Manajan kamfanin, baƙo daga ƙasar waje, ya yi bayani ta bakin tafinta. Za su gina masana'antar tumatirin gwangwani. Za su karɓi hayar fadama gaba ɗaya, su share iyakoki ta zama gona guda, su cike tsohuwar magudanar ruwa su shimfiɗa bututu. Matasa za su sami aiki a gida.

Baban Tela ya miƙe a hankali.

"Tambaya gare ni. In aka share iyakoki, ran da kuka gaji kuka tafi, wa zai nuna wa jikana inda gonar kakansa take? Masu auduga ma da farar mota suka zo mana. Ku leƙa masana'antarsu yanzu, jemagu ne manajoji."

Aka yi dariya. Auta ya tashi.

"Baba, gaskiya ka faɗa. Amma iyaka ba ta riƙe Yaya ba. Lambunsa na nan da iyakarsa, ko taku ɗaya ba a ci ba, shi kuma yana kwance a garin da Inna ba ta taɓa zuwa ba. Ni gara a share iyaka mutane su zauna."

Dattijon ya dube shi ya daɗe.

"Wanda zai ba da ƙasar da nake tsaye a kai, ban ba shi amanar Uwata ba. Maganarmu ta tsaya nan."

Washegari Auta ya tarar da Tela ta kifa kai a kan keken ɗinki, idanunta sun kumbura.

"Kai ba ka iya yin shiru ba ne? Kullum kamar an ɗinke maka baki, sai ranar da ya kamata ka yi shiru ka zama lauya."

"Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. Ni ce dai a tsakiya kamar zare a ramin allura." Ta share hawaye da ƙyallen kwastoma. "Ba zan saɓa masa ba, Auta. Kuma ba zan so wani ba. Sai ka san yadda za ka yi da injinka."

A gida ma Inna ta ɗau zafi. "Tunda ya fi son laka a kan rayukan 'ya'yan mutane, ya riƙe 'yarsa. Mata ba su ƙare ba."

Gari ya rabu biyu, har a wajen mai shayi benci biyu ake zama. A nan ne masu son kamfani suka yi wani kuskure. Tun fil azal ruwan fadama bi da bi ake sha: kowa ya yashe magudanar da ta ratsa gefen lambunsa, in ya gama shayarwa ya toshe bakinsa da laka, ya ɗaga murya ya gaya wa na ƙasa da shi cewa ruwa ya zo. Yanzu sai suka ce, me za a wahala da abin da za a cike gobe? Ba a ma gama magana da kamfani ba, suka ajiye shebur. Ciyawa ta rufe magudana, laka ta taru. Na sama suna samun ɗan abin da ya samu, na ƙarshe kuwa ko ɗigo. Albasar Baban Tela ta fara kwantawa, ganyen ya yi rawaya tun daga baki.

Auta ya gani da idonsa wata safiya da ya je duba injin wani. Dattijon yana ɗauko ruwa da bokiti daga nesa, yana tafe yana hutawa. Auta ya koma gida, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko takalmin.

"Ajiye," in ji Inna.

"Inna, da yana nan, zai bar ruwa ya tsaya a lambunsa bai wuce ba?"

Ta juya fuska bango. Takalmin ya yi masa yawa, sai da ya cusa tsumma a gaba.

Daga sama ya fara, shi kaɗai, yana sara yana kwashe laka. Abokansa suka tsaya a kan gaɓa suna tsiya.

"Injiniya, kwangilar ce ta fito? Kai da ka ce a cike ta!"

"Ran da aka cike ta a cike. Yau dai akwai mai jira a ƙasa."

"Ka ce dai akwai mai ɗinki a ƙasa."

Hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Ranar da ruwa ya ratsa lambun Yaya, yana tura busassun ganye a gabansa kamar mai neman hanya a ɗakin da ya daɗe bai shiga ba, Auta ya tsaya a kan iyaka, inda yayansa yake tsayawa.

"Baba, ruwa ya zo."

Dattijon ya buɗe wa ruwa hanya da fartanya, bai ɗago kai ba. Kashegari haka. Mako ya shige, wani ya biyo. Auta yana kira, ana ba shi ƙeya. Tela takan ga wucewarsa da laka har gwiwa, ta ce, "Sannu, kwaɗo," sannan ta sunkuyar da kai kada ya ga idonta.

Albasa ta miƙe ta yi kore shar. Wata safiya ya yi kiran kamar kullum, ya juya zai tafi.

"Na ji. Zo nan."

Suka zauna a kan iyaka. Dattijon ya dubi takalmin ya daɗe.

"Muryarku ɗaya da shi. Ran farko da ka kira, fartanya ta kusa faɗi daga hannuna." Ya ɗago ya dube shi. "Har yanzu kana son kamfanin?"

"Ina so, Baba. Ba zan yi maka ƙarya don a ba ni mata ba."

"Da ka ce ka fasa, da na tashi na bar ka nan. To gaya min, tumatir suke so ko ƙasa?"

Auta ya ce, "Tumatir."

"Ni ma ba gaba nake da gwangwani ba. Ina ganin 'ya'yan mutane suna shiga mota ba sa dawowa, ba dutse ne a ƙirjina ba."

A mitin na gaba tebur ɗaya suka matsu a ciki. Auta ya yi magana, dattijon yana gyara masa: a gina masana'anta a kan fakon da ba ya noma, kowa ya riƙe lambunsa ya sayar wa kamfani, magudana ta zauna. Manajan bai ji daɗi ba, ya ce zai tuntuɓi na sama da shi. Aka daɗe shiru, har wasu suka fara cewa Auta ya kori arziki saboda mace. Ya haɗiye, ya ci gaba da yashe magudana, sai dai yanzu ba shi kaɗai ba.

Da kamfanin ya dawo, masana'antar ba ta kai girman wadda aka faɗa da farko ba, aikin ma bai ishi kowa ba. Amma tumatir ya daina ruɓewa a bakin titi, wasu samari kuma sun kwance jakunkunansu.

Inna da kanta ta je gidan dattijon, ta ce zafin rashi ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Ya ce shi ma tsoro ne ya yi magana da bakinsa. Aka sa rana.

Haka abin yake. Saɓanin ra'ayi ba ya raba mutane, sai in ɗaya ya tare wa ɗaya ruwa. Wanda ya yi haƙuri, ya riƙe gaskiyarsa bai fasa kyautatawa ba, Allah ba ya barinsa.

Ranar da Tela ta tare, ta ɗauki tsintsiya ta kama shara. Da ta zo bayan ƙofa ta ga takalmin sai ta tsaya, ta dubi Inna.

"Ɗaga shi ki share, 'yata," in ji Inna. "Lakar ta yau ce."