Shukar da Ta Haura Katanga

A zamanin da, a wani gari, an yi wata yarinya wadda kawunta bafatake ya kawo mata tsarabar wata shuka daga kurmi, mai yaɗo kamar duma. Ba a taɓa ganin irinta a garin ba.

"Inuwa take so da ruwa kaɗan," in ji kawun. "Ran da ta yi fure, za ki sha ƙamshi."

Yarinya murna kamar ta yi tsuntsuwa. Ta dasa ta a tsohuwar tukunya ƙarƙashin rumfa, ta kafa mata kara. Kullum ta zuba ruwa, ta duba fure. Kullum ta zuba ruwa, ta duba fure.

Shuka ta yi ta hawa, har ta haura katanga zuwa gidan wata tsohuwa makauniya. Yarinya ta fusata, ta taka turmi don ta janyo abarta. Sai ta hango tsohuwar tana shafa ganyen tana cewa, "Maraba da baƙuwa. An daɗe ba a leƙo ni ba."

Yarinya ta sauko a hankali. Ta ci gaba da zuba ruwa.

Ran nan da safe tsohuwa ta ƙwala kira: "'Yar nan, yi maza, baƙuwarmu ta shafa turare."

Yarinya ta ruga da gudu. Ga furanni sun rufe katanga.

"Kaka, farare ne tas!"

"To, zauna kusa da ni ki ba ni labarinsu ɗaya bayan ɗaya."