Rabin Daƙiƙa Tsakanin Kore da Ja

Ranar da ya fara shigowa shagon fentin Abbanta, kayan jikinsa Auta ta fara gani kafin fuskarsa. Riga koriya shar a kan jan wando, sai ka ce gwangwanaye biyu ne suka kife masa. Ta kau da kai. Ita dai Allah ya yi ta da ƙyanƙyami, ko kofi aka miƙo mata sai ta leƙa gindinsa.

Shi ne wanda Abba ya ɗauka ya haɗa wa shagon manhajar waya. Ya miƙo mata wayarsa ya ce, "Taɓa nan. In fenti ya ƙare, maɓallin zai tashi daga kore ya koma ja a hankali."

Ta taɓa. Kafin koren ya kai ga ja, sai ya bi ta wani launi na rabin daƙiƙa, irin na ruwan kwatar da ta toshe.

"Tir! Wannan ƙazantar fa?"

"Lissafi ne kawai. Kowane launi a waya jerin lambobi uku ne. Na ba ta na kore da na ja, ita ke cike na tsakiya, ta ɗebo rabi nan, rabi can."

"To rabin naka amai ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Abin haushi, dariyar ta yi masa kyau.

Tun ana maganar aiki har aka koma wata maganar. Ta sa masa suna Malam Lamba. Shi kuwa kullum da safe sai ya turo: "Gimbiyar tsabta, kin tashi lafiya? Yau har wayata na goge kafin in rubuto miki."

Da zancen aurensu ya kai kunnen Abba, ya ce sam. "Shekara talatin ina haɗa fenti, in ba da ke ga wanda ke kallon ƙazanta yana cewa lissafi?" Shi hankalinsa na kan wani ɗan kwangila da ya san launi kamar yunwar cikinsa. Auta kuwa ta taɓa ganin mutumin yana sakace da farce yana shafawa a jikin kantar shago, tun daga ranar ko muryarsa ta ji sai ta bar wurin.

Sau uku tana roƙon Malam Lamba ya gyara maɓallin don Abba ya sauko. Sau uku yana cewa ya gyara, ta taɓa, aman nan ya sake fitowa. Ranta ya ɓaci, ta rubuta masa: "In raini ne ka faɗa mini. Aurenmu kake wasa da shi."

Sai da dare amsarsa ta shigo.

"Auta, ban taɓa faɗa a wurin aiki ba. Idona ba ya raba kore da ja. Lambobin nake ta canzawa da ka, ina fatan in dace. Launin da kike kira amai, ni kusan haka nake ganin koren, haka nake ganin jan. Na ji tsoro ki ƙyamace ni."

Ta zauna a kan bokitin fenti ba tare da ta goge shi ba. Ashe abin da ta kasa jurewa na rabin daƙiƙa, shi a cikinsa yake kwana yake tashi, kuma yana dariya. Kunya ta kama ta, ta yi kuka sosai.

Washegari ta kira shi shago, ya faɗa wa Abba da bakinsa.

"Wannan ai ya fi muni," in ji Abba. Ya karɓi wayar ya taɓa, ya yamutsa fuska, ya ja tsaki. Amma mai sana'a ba ya iya ganin ɓarna ya yi shiru. "Kai yaro, wa ya ce maka ana zuba kore cikin ja kai tsaye? Ta rawaya ake bi."

Ya ɓalle murfin wani gwangwanin rawayan fenti ya tura masa.

"Abba, wannan ina ganinsa!" in ji Malam Lamba. "Wallahi ina ganinsa, yana da kyau."

Abba ya miƙa masa wayar.

Nan take Malam Lamba ya saka lambobin rawaya a tsakanin jeri biyun. Auta ta taɓa. Kore ya yi haske ya zama rawaya, ya bi ta ruwan lemo, ya sauka a ja, tsaf. Abba ya karɓe wayar ya taɓa ya fi sau goma, sannan ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa. Amma kada ka zo da wandon nan."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Ranar da aka kai ta, ta tarar da ɗakin rawaya ne tun daga ƙofa har bangon ƙarshe. Abba da kansa ya shafa, bai bari ko ma'aikaci ɗaya ya taɓa buroshi ba.

"Ai na san ba kya son rawaya," in ji shi a waya. "Ki yi haƙuri, shi ma ya ga gidansa. Allah ya yi muku albarka."

Angon na tsaye a tsakiyar ɗaki yana ta juyawa. "Idona, zo ki gani."

Ta je ta tsaya kusa da shi da wayar a kunnenta, ta ce wa Abba amin.