Kular Ranar Gwaji

Ranar da suka fara haɗuwa, zagi ya sha. Ya fito atisayen gudu da safe, ya taka wani ruwa da ya kwanta a ƙofar shagon ɗinki, ruwan ya fantsama a jikin farin yadin da wata budurwa ta rungumo.

"Kai, dogon banza. Idonka a ƙeya yake?"

Ita ce Auta, ƙaramar tela a shagon, mai kaifin almakashi da kaifin baki. Shi kuma Dogo ake ce masa, yana shirin gwajin shiga aikin kashe gobara. Washegari ya kawo mata sabulu, ta ce ba irinsa ake wanke farin yadi da shi ba. Ya canjo wani, ta ce ya fi na jiya muni. Namiji dai in abin ya kama shi, faɗa ma kiɗa yake zama a kunnensa. Kafin wata ya ƙare ya samu lambarta.

"Hasken idona, na wuce ta shagonku ban gan ki ba."

"Ina ciki ina aiki kamar masu hankali. Ka ci abinci?"

A wurin Auta, wannan tambayar ita ce soyayyar gaba ɗaya.

Babanta mai walda ne, kuma ya riga ya zaɓa mata mai kemis na bakin titi, mutum mai mota da ladabi. Da ta kai masa maganar Dogo, ko ɗago kai bai yi daga ƙarfen da yake gogewa ba.

"Me yake yi?"

"Gudu yake yi, Baba, saboda..."

"Gudu. Wa ya biyo shi?"

Da ƙyar ya yanke magana: in an ɗauki Dogo aikin, ya turo manyansa. In ba a ɗauke shi ba, kar ya ƙara jin sunansa a gidan.

Safiyar gwaji, Dogo yana ɗaure takalmi a gefen fili sai ga Auta da kula. Shinkafa da wake, nama a sama, mai yana ƙyalli. Yatsanta ɗaya naɗe da filasta. Mai horar da su ya sha gaya musu cewa abinci mai nauyi sai an bar awa biyu ko uku kafin gudu, ayaba ɗaya da ɗan ruwa sun isa. Dogo ya kalli kular, ya kalli filastar, ya kalli fuskarta. Mutumin da yake neman aikin shiga wuta ya miƙa hannu ya karɓi cokali.

"Cinye duka, ba na son saura," in ji ta.

Zagayen farko shi ne a gaba. A na biyu wani abu ya soke shi a ƙarƙashin haƙarƙari kamar ƙusa, cikinsa ya shiga murɗawa kamar ana matse wanki. Ya dafe wurin, ya rage gudu, ya koma tafiya a duƙe. Waɗanda yake bari a baya kullum suka wuce shi, har da wani mai tumbi. Shi ya zo na ƙarshe.

Ya ce mata targaɗe ya yi. A hanyar gida kuma, duk shagunan maganin da ke unguwar, na mai kemis ɗin ya shiga neman maganin ciwon ciki.

Da yamma mai kemis ya zo gaishe da Baba, ya zauna a falo yana bayani cikin tausayi. "Ba laifin yaron ba ne, Baba. Ciki a cike, jini yana can yana aikin narkar da abinci, ƙafa kuma tana nemansa. Dole ya murɗa. Wanda ya ba shi abincin dai bai taimake shi ba."

Auta ta dire tiren ruwan da ta kawo har kofi ya faɗi.

Ta sami Dogo da safe a ƙofar gidan yayarsa, ya fito yana ɗingishi.

"Wace ƙafar ce ma?"

"Ta hagu."

"Jiya ta dama ce. Ka san abincin zai yi maka haka?"

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani, ka ci."

"Kin ƙone yatsa a kansa, Auta."

"Yatsana ya warke. Aurena ka cinye, har da man. Ni kura ce da ba za ka iya ce mini a'a ba?"

Nan shi ma ransa ya ɓaci. "Kin taɓa barin mutum ya kai ƙarshen magana? Tun da na san ki ban taɓa yin daidai ba. Na ce rana ɗaya dai in faranta miki."

"To ka faranta. Allah ya ba da lada."

Kwanaki suka wuce babu mai kiran wani. Shi ya fara karaya.

"Autata, ko zagi ne ki turo mini."

"Ba ka kai ba."

Da Baba ya ce mutanen mai kemis za su zo, Auta ta tsaya a gabansa idonta jawur. "Baba, ni na kayar da shi."

"Ban aike ki ba. Na yi magana, ta zauna."

Mama tana yanka albasa a ƙofar kicin, ba ta ko juyo ba. "Lokacin da kake walda a gindin bishiya da injin aro, ubana bai jira ka ba? Za a sake ɗaukar aikin nan gaba. Za ka jira."

Baba ya buɗe baki, ya kalli wuƙar, ya rufe.

Ranar gwaji na biyu Baba da kansa ya zo filin, don ya ga faɗuwar da idonsa. Sai ga Auta da kula, wadda ta fi ta farko girma. Ta miƙa wa Dogo ba tare da gaisuwa ba.

"Ci."

"Ba zan ci ba."

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. Ki riƙe sai na gama, numfashina ya dawo." Muryarsa tana rawa, amma hannunsa bai motsa ba.

Ta harare shi sama da ƙasa. Sannan ta zauna a kan benci, ta ɗora kular a cinya.

"To ka yi sauri, masoyi, yana hucewa."

Bai zo na ɗaya ba, amma sunansa ya fito cikin waɗanda aka ɗauka.

Ranar ɗaurin aure, bayan mutane sun ragu, Baba ya ja ango gefe, ya waiga hagu da dama.

"Wannan a'a da ka ce mata a fili, da wace murya ka faɗe ta?"

"Wallahi tsoro ne kawai, Baba."

"Hm. Na gwada ta a kan uwarta jiya. Da yunwa na kwana."

Ya dafa kafaɗar Dogo da hannunsa mai tabon wuta. "Ka riƙe mini ita da kyau. Faɗa gare ta, amma ba ta da mugunta. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Daga cikin mota, ƙarƙashin mayafi, amarya ta riga kowa cewa amin.